Gargaɗi ga masu sana'ar ƙarfe a Legas: an damfare ni ₦845,000 da sunan inji da tagulla

Assalamu alaikum. Duk mai sana'ar ƙarfe a garin nan, mai sassaƙa ne ko mai walda ko ɗan jari-bola, ya karanta wannan har ƙarshe. Akwai wani mutum da ke tallar ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe da sandunan tagulla a Facebook, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya cinye mini ₦845,000. Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. ₦845,000, kuɗin gumina da kuɗin adashe da kuɗin aikin mutane.

Shagona yana Agege. Aikina yin bushin, wato ɗan bututun da sanda ke juyawa a cikinsa, na injin markaɗe da famfon ruwa da keke. Wanda ya san aikin ya san inda matsalar take: bushin mai siririn jiki, in kaurin gefe ɗaya ya fi na ɗayan ko da kaɗan ne, sandar da ke juyawa a ciki za ta riƙa cin gefe guda, ba a daɗe ba kwastoma ya dawo maka da kayanka yana faɗa. Injina ya tsufa, yana girgiza, na daɗe ina neman ƙarami wanda zai riƙe awo daidai. Ana cikin haka na ci karo da bidiyon mutumin nan. An nuna ana sassaƙe bakin wani ɗan bututun tagulla, ɓawon yana fita siriri, sannan aka ɗauko maikiromita ana juya bututun ana aunawa, duk inda aka juya lamba ɗaya take bayarwa. Na kalli bidiyon nan har ban san iyaka ba. Abin da nake nema ke nan.

Na kira lambar. Da ya ɗauka sallama ya fara yi, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya ce, "Malam, ai mu 'yan'uwa ne a ƙasar nan, in ban taimake ka ba wa zan taimaka?" Wannan maganar ita ce take dawo mini kullum. In ban taimake ka ba wa zan taimaka. Har akwai ranar da ya katse kira ya ce an kira salla, zai neme ni bayan la'asar, kuma ya neme ni. Ku gaya mini, wane ne zai ji wannan ya kawo wa ransa ɓarawo ne?

Kuma ba gaisuwa kaɗai ta sa na yarda ba, a daina cewa haka. Na gwada shi a kan sana'a. Na tambaye shi wace irin tagulla ce, ya ce ta kwanson harsashi, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, kuma haka haɗin yake. Na ce masa ai wannan ba ta kai mai ɗan dalma a ciki daɗin sassaƙa ba, ita ɓawonta dogo yake fita yana nannaɗewa. Ya ce, "Gaskiyarka maigida, ashe ka san aiki," ya ce shi ya sa zai rage mini kuɗi. Mutumin da bai san ƙarfe ba ba zai iya wannan hirar da ni ba. Sannan na ce ba zan ba da ko sisi ba sai na ga samfur. Ya aiko wani yaro a babur da guntun sanda. Na sa mata maganaɗisu bai kama ba. Na goge ta da magagari, ciki rawaya kamar waje. Na ɗaura ta a inji na fitar da bushin guda, lafiya lau, yana nan a shago, duk mai son gani ya zo. Tagulla ce ta gaske. Me kuma ya rage mutum ya yi?

A kan haka na tura ₦480,000 kafin alƙalami na injin, ya ce sauran sai kaya sun iso hannuna. Na tura ₦270,000 na sandunan tagulla. Ko da na ga sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya ba ni ba, na tambaya, ban yi shiru ba. Ya ce asusun ƙaninsa ne mai kula da shago, shi nasa ya kai iyakar abin da zai iya karɓa a rana. Wannan abu ne da ke faruwa da 'yan kasuwa kullum, ni kaina na sha karɓar kuɗi ta asusun mai POS na kusa da ni.

Buhun sandunan ya iso da yamma, wani ɗan babur ne daban, ba yaron farko ba. Na ɗora a sikeli, nauyi ya cika cif. Na buɗe bakin buhu na zaro na sama na sa maganaɗisu, bai kama ba. Na sallami ɗan babur har da kuɗin ruwa. Washegari na zaro wata daga ƙasan buhu na ɗaura a inji. Da wuƙar ta taɓa ta sai na ji ƙarar ta sauya, ba irin ta tagulla ba. Rawayan ya ɓare kamar fenti, toka-toka ya bayyana a ƙasa. Na tsayar da inji na kai ta dutsen wasa wuƙa, sai tartsatsi. Tagulla ba ta tartsatsi, kowane yaron shago ya san wannan. Na zazzage buhun a ƙasa na bi su da maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya, yana mannewa. Ƙarfe ne zalla aka yi wa rufin ruwan tagulla, aka jera na gaske 'yan kaɗan a sama. Yaran shagona suna tsaye suna kallona, ba wanda ya ce uffan. Wani ya ce mini ai da nauyi zan gane, tunda tagulla ta fi ƙarfe nauyi. Eh, ta fi shi, amma da kilo aka sayar mini, ba da ƙirgen sanda ba. Ya cika kilonsa daidai, ta ina sikeli zai tona shi?

Na manta ban faɗa ba, kafin buhun ya zo ma akwai ₦95,000. Ya kira ni da sassafe hankali tashe, wai injin yana tashar jirgin ruwa ta Apapa, in ba a biya kuɗin fito da shi a ranar ba kuɗin ajiya zai hau kansa, ya rantse da Allah zai cire daga cikon da zan ba shi. Har hoton wata takarda mai hatimi ya turo. Na tura. To ku haɗa: 480 da 270 da 95. ₦845,000. A lokacin samfur na gaske yana hannuna, bushin ɗin da na yi da shi yana kan teburina.

Ranar da na gano buhun na kira shi, ya ɗauka. Ya yi salati, ya ce yaransa ne suka haɗa kaya ba daidai ba, "Malam ka yi haƙuri, gobe da kaina zan zo." Daga wannan goben lambar ba ta sake shiga ba. Ya toshe ni a WhatsApp, shafin Facebook ɗin ya sauya suna da hoto amma bidiyon yana nan. Adireshin da ya ba ni na je, masu shagunan layin suka ce ba su taɓa jin mai wannan sunan ba, kuma ba ni ne na farko da ya zo tambaya ba.

Bidiyon ma ba nasa ba ne. Ɗan yayana da ke karatu ne ya binciko asalinsa. Na masu wasan harbin saiti ne a Amurka, waɗanda dokar ƙasarsu ta yarda su sake cika kwanson harsashi. Suna sassaƙe wuyan kwanson ne don kaurinsa ya zo ɗaya ta ko'ina, suna awo da kashi ɗaya cikin 1,000 na inci, wato milimita 0.0254, har ƙasa da haka. Abin da suke yi da shi ma ɗan ƙaramin kayan aiki ne na hannu, ba shi da alaƙa da injin da aka nuna mini hotonsa. Ya yanke farkon bidiyon da ƙarshensa, ya bar wajen wuƙa da maikiromita kawai. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, don ni ba ruwana da harsashi. A ƙasar nan dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi ba da izini ba, aikin irin su DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kaduna tun 1964. Mutumin nan ya ci kuɗina, ya kuma bar mini bidiyon da zai iya jawo mini tambayoyin da ban san hawa ba ban san sauka ba.

Masu cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, ku ji tsoron Allah. Ragin da ya yi mini bai kai wanda ake samu a ciniki na yau da kullum ba. Na saba sayen ƙarfe a Owode Onirin da maganaɗisu a aljihuna, ban taɓa kawo gida abin da ba shi ba ne. Na nemi samfur, na gwada, na auna, na tambayi sunan asusu. Shiri aka yi mini, kuma wanda ya shirya shi ya san sana'ar. Abin da ya fi ƙona ni shi ne tsayawa gaban masu adashe da dattijon da ya ba ni kuɗin aikinsa ina neman su ƙara mini lokaci.

Na kai ƙara banki da kuma wajen 'yan sanda, akwai sashensu na musamman kan damfara a Ikoyi. Laifin nan yana ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, abin da muke kira 419. An ce kada in saka suna da lambar asusu tukuna, shi ya sa ban saka ba. Amma hotunan hirarmu, da rasit uku, da saƙon muryarsa inda yake rantsuwa, da bidiyon maganaɗisu yana kama sandunan, duk suna wayata, zan ɗora su da zarar an ba ni dama. Ban yafe ba, ₦845,000 ɗin nan zan bi su har inda ƙarfina ya ƙare.

Kada ku biya kuɗin inji sai kun gan shi yana aiki da idonku. A zazzage buhu gaba ɗaya a gwada kowace sanda kafin ɗan babur ya tafi. Sunan asusu ya saɓa, a fasa. Wanda kuma mutumin nan ya taɓa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗa ƙararmu wuri guda.