Zariya, Kano ko Ibadan: Auna Ƙarfin Bincike Kafin Neman Gurbin Digiri na Biyu ko na Uku

Duk wanda ya yi niyyar komawa jami'a domin digiri na biyu ko na uku, zai kashe kuɗi masu yawa da shekarun da ba za su dawo ba, kuma abin da yake biya dominsa shi ne horo a kan bincike a hannun mutanen da su ma suke yin binciken. Saboda haka ya dace ya auna ƙarfin binciken wurin da zai je kafin ya sayi fom. Zan kwatanta manyan jami'o'i uku da ɗalibanmu suka fi yawan tunani a kansu, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ibadan.

Yawancin mutane suna farawa ne da jerin jami'o'in duniya da Times Higher Education ko QS suke fitarwa kowace shekara. Jerin yana da amfani, amma ya kamata a san abin da yake aunawa. Dukansu biyu suna ɗauko alƙaluman maƙalu ne daga Scopus, wani rumbun bayanai na intanet da ke tattara maƙalun mujallun ilimi, su ƙirga yawan abin da malaman jami'a suka wallafa da yawan lokutan da wasu masana suka ambaci ayyukan nasu, kuma Times Higher Education ba ta saka jami'a a babban jerinta sai ta wallafa maƙalu 1,000 cikin shekara 5. Ibadan ta saba fitowa a sahun gaba cikin jami'o'in Najeriya. Sai dai wannan lissafi na jami'a ne gaba ɗayanta, kuma fannin likitanci, inda maƙala ɗaya kan ɗauki sunayen ɗaruruwan marubuta daga ƙasashe daban-daban ta kuma samu ambato masu ɗimbin yawa, yana iya ɗaga matsayin jami'a ba tare da hakan ya gaya maka komai game da sashen ilmin tattalin arziki ko na kimiyyar lissafi ba. Mai nazarin Hausa ko Larabci ko tarihin ƙasar Hausa kuwa, yawancin mujallun da ake buga ayyukan fanninsa ba sa cikin Scopus, don haka jerin bai ga yawancin ayyukan fannin ba.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ƙarfinta yana cikin cibiyoyin bincikenta, kuma a ganina duk mai sha'awar noma ko kiwo ya kamata ya fara dubawa nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta girmi jami'ar kanta, domin tushenta yana komawa ne zuwa 1922, kuma ita ce ke fitar da ire-iren irin da sunansu yake farawa da SAM: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. A 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da ke jure tsutsar nan mai huda kwanso, wadda take tilasta wa manoma yin feshi sau da yawa a damina ɗaya. Tasiri irin wannan ana ganinsa ne a buhun iri da yake hannun manomi a Giwa ko Dawanau, kuma ɗalibin da ya yi aikinsa a nan zai samu gonakin gwaji da bayanan shekaru masu yawa da zai ɗora bincikensa a kansu. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, inda aka samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004, wanda ake amfani da shi wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Mai tarihi kuma yana da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna, da tarin takardunsa da rubuce-rubucen hannu.

Jami'ar Bayero ta fito ne daga cikin ta Zariya, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tun asali sunanta ya tafi ne a kan harsuna da nazarin addinin Musulunci da Larabci, kuma cibiyarta ta nazarin harsunan Najeriya ce ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006, aikin da har yau malamai da ɗalibai suke komawa gare shi. A 'yan shekarun nan ta ƙara ƙarfi ta wani ɓangaren: Cibiyar Noman Tsandauri da aka kafa a 2012 ta shiga shirin Bankin Duniya na fitattun cibiyoyin Afirka, haka ma cibiyarta ta nazarin lafiyar al'umma. Wannan yana da muhimmanci ga aljihun ɗalibi, domin cibiyoyin da ke cikin shirin suna ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, suna da kayan gwaji na zamani, kuma sukan samu abin tallafa wa bincike. Kasancewar ofisoshin IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, a Kano ƙarin dama ce ga mai binciken wake ko gero ko dawa.

Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ita ce mafi tsufa, kuma ta fi dacewa da mai neman likitanci ko kimiyyar lafiya, saboda asibitin koyarwarta da tsohuwar alaƙarta da masu bincike na ƙasashen waje. Hedikwatar IITA ma tana garin. Sai dai wanda iyalinsa da aikinsa suke Arewa ya saka kuɗin mota da na haya da na komawa wurin tattara bayanai a cikin lissafinsa.

Bayan wannan kwatance, abin da zai yanke hukunci shi ne sashen da malamin da zai duba aikinka. Ka buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi a intanet, ka rubuta sunayen malamai uku ko huɗu na sashen. Kada jimillar ambato ta ɗauke maka hankali. Ka jera ayyukan bisa shekara ka ga abin da suka wallafa cikin shekara 5 da suka wuce, domin akwai farfesan da yawan ambatonsa ya fito ne daga aikin da ya yi shekara 20 baya. Ka duba ko sunayen ɗalibansa suna fitowa tare da nasa, musamman a matsayi na farko, domin wannan alama ce ta malamin da yake koya wa ɗalibai wallafa aikinsu. Sannan ka duba mujallun kansu. Mujallar da take karɓar maƙala cikin kwana 7 bayan an biya ta daloli, kuma take buga injiniyanci da adabi da likitanci a fitowa ɗaya, ba ta tantance komai, kuma tarin maƙalu a irinta ba ƙarfin bincike ba ne. Shafin African Journals Online zai taimaka maka ganin mujallun nahiyarmu da suke da tsari.

Akwai wani bincike da ba a yinsa a intanet, kuma shi na fi amincewa da shi. Ka je ɗakin karatu na sashen, ka ɗauko kundaye 10 na digiri na uku da aka kammala kwanan nan. A shafin farko na kowanne za ka ga lambar rajistar ɗalibin, wadda galibi take ɗauke da shekarar da ya shiga, a ƙasa kuma akwai shekarar da ya kammala. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ainihin tsawon karatun, ko da kuwa takardar talla ta ce shekara 3. Ka yi wa wannan lissafi adalci, domin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022 sun shafi dukan jami'o'in nan uku. In ka ga tazarar ta wuce abin da yajin aiki zai iya bayyanawa, ka nemi ɗaliban da suke kan karatu yanzu ka tambaye su wata nawa babi yake yi a teburin mai dubawa, da kuma ko na'urorin ɗakin gwaje-gwaje suna aiki ko sai an kai samfur wani gari an biya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta kuɗin binciken. Malamin da yake riƙe da tallafi daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko daga wata hukumar waje yakan iya saka ɗalibinsa cikin aikin, ya ɗauke masa sayen sinadarai da kuɗin fita fili, wanda a fannonin kimiyya yakan ninka kuɗin makaranta. Ka tambayi malamin kai tsaye, cikin ladabi, ko yana da aikin da ke gudana da kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma ka yi tambayar kafin ka biya kuɗin karɓar gurbi.