Ofishin Lauyoyin da Ke Tsaya wa Baƙin da Ake Shirin Kora

A kan Titin Zoo akwai wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke karɓar shari'ar baƙin da ake shirin tasa ƙeyarsu gida alhali suna tsoron azaba. Aikinsu yana da kyau, domin sun san inda ƙarfin doka yake.

Lauyoyi da yawa kan tsaya a sashe na 33 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951, wanda ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, amma wannan sashe ya bar ƙofa: ana iya korar wanda ke barazana ga tsaron ƙasa. Su kuwa suna kafa hujja da sashe na 3 na Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984, wadda Najeriya ta amince da ita a 2001. Wannan ba ta da togaciya, ko mai laifi ne ba a mayar da shi inda za a azabtar da shi. Sai su haɗa da sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya haramta azabtar da kowa, su garzaya Babbar Kotun Tarayya neman umarnin dakatar da korar.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suke tura mutum ga likita ya rubuta kowane tabo, tsawonsa da wurinsa, tun kafin a shigar da ƙara. "Malam, faɗa mana kwanan wata," haka suke nanatawa, don saɓanin kwana ke rusa shaida.

Rauninsu shi ne rashin tafinta. Mai jin Faransanci ko Larabci kaɗai, ya zo da amintaccen mai fassara, da kwafin duk takardunsa.