GARGAƊI: Mai kek ɗin biki ta cinye min N285,000 a Kaduna da sunan ajiyar firiza

Jama'ar Kaduna, musamman masu shirin aurar da 'ya'ya da ƙanne, ku karanta wannan kafin ku tura wa wata mai kek ko sisi. Naira dubu ɗari biyu da tamanin da biyar, N285,000, wata mata ta karɓa a hannuna don kek ɗin dinar ƙanwata. Abin da ta aiko mana soso ne da ruɓaɓɓen kek. Sunanta ba zan kama ba tukuna saboda magana tana gaban hukuma, amma hirarmu ta WhatsApp da rasit na kuɗin duka suna wayata, zan saka hotunansu ku gani da idonku.

Kuma tun yanzu, kada wata ta zo ta ce min ai ke ma kin yi wauta. Ba a intanet kawai na gan ta na tura kuɗi ba. Na je har gidan da ta ce nata ne a Barnawa. Na zauna a falo. Na ci kek ɗin ɗanɗano da bakina, kala uku, kuma wallahi mai daɗi ne, har na kawo wa Ummanmu ragowar a leda ta ce a ba wannan aikin. Me kuma ake so mutum ya yi?

Ga dabarar da ta yi. A watan Satumba 2024 muka fara magana, biki kuwa sai tsakiyar Disamba. Ta ce min, "Anti, kin ga yadda kaya suke tashi. Fulawa, bota, sukari, kiret ɗin ƙwai, kuɗin da na saya yau ba shi zan saya jibi ba. In kika bari sai Disamba, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, kek mai hawa huɗu ba za ki same shi a wannan kuɗin ba. Ki biya yanzu in gasa miki, in naɗe in sa a firiza, ana saura kwana biyu biki in fito da shi in yi masa ado." To wace ƙarya ce a nan? Kowa ya san yadda kasuwa ta kasance a waccan shekarar. Ni da kaina nake cefane a Kasuwar Bacci da babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, na san abin da ake ciki. A watan Oktoba ma litar fetur ta haura naira dubu ɗaya. Lissafinta ya shiga kaina domin lissafin gaskiya ne.

Ban tsaya nan ba, sai da na kira wata ƙawata da ta daɗe tana sana'ar kek a Malali, ita lokacin aiki ya yi mata yawa shi ya sa ba ita na ba ba. Ta tabbatar min ana yi. Ana gasa kek tsurarsa ba ado, a bar shi ya huce sarai, a naɗe shi da ledar nan mai mannewa ninki biyu, a ƙara da takardar foyil, a sa a firiza mai ƙanƙara sosai, sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. In dai sanyin bai yanke ba yana kai wata biyu zuwa uku lafiya lau. In za a yi aiki da shi a mayar da shi firji ya kwana a cikin naɗinsa, ya saki a hankali, sannan a shafa kirim. Ta ce abin da ba a yi shi ne daskarar da kek bayan an lulluɓe shi da fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake shimfiɗa wa kek don ado, don in ya fito zufa yake yi, kala ta zuba. Duk abin da ƙawata ta faɗa, ita ma matar nan ta faɗa min, har da maganar fondan ɗin. Ta san aikin a baki. Da wannan sanin ta yanke ni.

Na tura N200,000 a ranar farko.

Abin da ya fi tsaya min a rai, nake ta juya shi ko barci ba na yi, shi ne zuwana na biyu. Ta kira ni ta ce an gama gashi in zo in gani. Ta kai ni kicin, ta ɗaga murfin wata doguwar firiza fara, sanyi ya bugo min fuska. Ga faya-fayan kek a jere an naɗe su tsaf, kowanne da 'yar farar takarda an rubuta sunan ƙanwata da kwanan wata. Sunan ƙanwata fa, da biro shuɗi. Ta ɗauko ɗaya ta ɗora min a hannu ta ce, "Anti taɓa ki ji, dutse ne." Na taɓa. Na ce amma ya batun wuta? Ta nuna min sama ta taga ta ce ga sola nan, firizar nan ba ta san ɗauke wuta ba. Na tambaya fa! Ni na kawo maganar wutar da bakina. Ta dube ni ido cikin ido tana murmushi tana cewa "Haba Antina, ai bikinmu ne." Ta ɗora min a hannu. Har addu'a na yi mata a bakin ƙofa.

Ranar dina, wajen ƙarfe bakwai, kek bai iso ba. Tun azahar nake kira. Au, na tsallake N45,000. A ƙarshen Oktoba ne, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu bayan matsalar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Mando da aka lalata. Ta turo saƙon murya muryarta a raunane, wai batir ɗin solarta ya mutu, janareta take kunnawa dare da rana don kada kek ɗin amarya ya narke, in taimaka da kuɗin mai. Wa zai ƙi? Kek ɗina na N200,000 yana ciki. Na tura N45,000. Ragowar N40,000 kuwa ana saura 'yan kwanaki biki ta karɓa, wai na furannin sukari da ɗan sahun da zai kawo. 200 da 45 da 40. N285,000 cif. Kuma duka ukun asusun da na tura ba sunanta ne a kai ba, ta ce na mijinta ne. Mata nawa ne a garin nan suke sana'a da asusun mazajensu? Wannan ma ba abin zargi ba ne.

Kek ya iso amarya da ango sun riga sun zauna. Wani yaro ya kawo a ɗan sahu, ya sauke ya juya. Daga nesa ba laifi, fari da ruwan zinare. Da aka kira su yanka, ango ya dafa hannun amarya suka sa wuƙa a hawa na biyu, wuƙa ta ƙi shiga, sai wata 'yar ƙara ƙiiii. Farin soson nan ne da ake tallafe talabijin da shi a kwali. Hawa uku na sama duk soso. Na san ana yin kek na ado da soso, amma da sanin mai biki ake yi, kuma kuɗinsa daban. Ni kek huɗu na biya. Na ƙasan ne kawai kek, da aka yanka tsakiyarsa ya jiƙe ya dunƙule, ga ɗigon kore-kore a jikin kirim, ga ƙarnin kifi. Ƙawata ta Malali tana wurin, ta sunsuna ta ce wannan ya narke ya sake daskarewa ba sau ɗaya ba, kuma tare da kifi ko nama aka ajiye shi ba naɗin kirki. Gwaggon ango ta matso ta ce, "'Yata, lafiya dai ko?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A gaban dangin miji, ga masu ɗaukar bidiyo. Ƙanwata ta riƙe hawayenta har aka tashi, a mota ta ce min, "Yaya ba komai," wannan ba komai ɗin ya fi min zagi ciwo.

Kafin mu isa gida mai kek ɗin ta toshe lambata. Shafinta na Instagram ya canza suna. Gidan Barnawa da na koma, ashe ba nata ba ne, na wata ce da take ba da hayar kicin ɗinta, ita ma tana bin ta kuɗi. A can na haɗu da wata baiwar Allah daga Unguwar Dosa, ita ma an ɗaga mata murfin firizar nan, an ɗora mata fayan kek a hannu, da sunan 'yarta a takarda. Kek ɗaya ne ake nuna wa kowa, takarda kawai ake canzawa. Wanda ta ba ni na ɗanɗana ma ban yarda ita ta gasa ba.

N285,000. Adashin da na ɗauka ne. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da ita. Saƙon muryar nan na kuɗin janareta ma zan saka, ku ji yadda take rantsuwa.

Kada ku biya duka kafin kek ya iso. Sunan asusu ya zama nata. A rubuta hawa nawa ne kek, nawa ne soso. Wadda kuma ta san ta riga ta biya wata a kan tsarin firiza, ta je yau ba da sanarwa ba ta ce a buɗe mata naɗin ta yanka ta gani.