Dillalin da ya hana ni biyan kuɗin gida sai da aka yi ruwa

Gida tara ya nuna mana cikin mako biyar, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo a cikin Maraɗi, kuɗin kabu-kabu kawai yake karɓa. Wanda ya san ƴan kamashon Maraɗi ya san ba haka suka saba ba: ka ga gida biyu, a na uku sai a ce wani Alhaji na nan tafe da kuɗinsa bayan la'asar.

Gida na shida ne ya sa nake wannan rubutu, can gangare wajen gulbi. Ɗaki biyu da falo, fenti sabo fil, jika 30 a wata. Har na ciro kuɗin wata uku, ya ce, "Hajiya, mayar da su jaka. Agusta muke, ki bari a yi ruwa tukuna." Kwana huɗu aka kwana ana tafkawa, da sassafe ya kira. Ashe tsakar gidan ya fi layi ƙasa da kusan taƙi guda, rariyar da ya kamata ta fitar da ruwa ita ke shigo da shi. Ya sa makulli ya kankare fentin gindin bango, sai ga siminti yana marmashewa, ga sawun tsohon ruwa daidai gwiwa. Ya ce ba banza ba aka hau da gari tudu bayan ambaliyar 1945.

A kowane gida sai ya rufe ƙofa da taga da rana tsaka ya ɗaga kai, inda haske ya ɓullo a kwano nan zai yi yoyo. Pampo da ƙarfe bakwai na safe yake gwadawa, lokacin da kowa ke ɗiba, don da rana ko wanda ba ya kawowa sai ya yi maka fara'a. Salanga kuwa tsakuwa yake jefawa ya saurari zurfinta. Labarin layi wajen mai tebur yake nema, ba wajen mai gida ba.

To amma fa mutumin da ya iya jiran hadari bai iya tambayar takardar wuta ta ƙarshe ba. Gidan da muka kama a Zariya kontar guda ce da maƙwabta biyu, bai faɗa ba, kuma wanda ya tashi ya bar bashin wata huɗu. Mai gida ya ce a cire a kuɗin haya, har yau ba a cire ba. Dillalin nan da ke ɗaga waya tun ƙarar farko, da kamasho ya shiga aljihu sai na kira sau biyar, amsa ɗaya: "Hajiya, ina bisa hanya."

Ƙanwata na neman gida, na ba ta lambarsa. Na dai ce mata ta ga takardun wuta da na ruwa da idonta, kuma ta riƙe rabin kamashon sai ta kwana bakwai a ciki.