Kafet ko ɓawon kwakwa: me za a shimfiɗa wa ƙaramar mesa a Jos?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke unguwar Rikkos a Jos ya kawo tambaya jiya da daddare. Ya samu ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta in ta tsorata, ya haɗa mata akwatin gilashi, kuma akwai ragowar kafet da aka cire daga falonsu. Yana so ya san ko ya yanka ya shimfiɗa mata, ko kuwa ya nemi dusar katako ko yashi kamar yadda wasu suka ba shi shawara. Shekara shida ke nan ina kiwon irin wannan mesa a garin nan, kuma da kafet na fara, don haka ga abin da idona ya gani.

Malam, da fari ka sa wanda ya san macizai ya duba maka ita da kyau. Mai dunƙulewar nan ba ta da dafi, kuma da wuya tsawonta ya wuce mita 1.5 ko ta tsufa. Amma 'yar babbar mesa tana iya rikita wanda bai saba ba, ita kuwa tana wuce mita 4, ba ta zaman akwatin ɗaki. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan mai dunƙulewa ne.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. 'Yar Afirka ta Yamma ce da ta Tsakiya, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi kwasar ta zuwa Amurka da Turai. Sai dai mutane suna jin an ce 'yar daji ce mai zafi, sai su ɗauka busasshen wuri take so. A daji yini take yi a cikin ramin ɓera ko na gafiya ko tsohon suri, sai dare ya yi ta fito. Duk wanda ya taɓa tona suri da rani ya san ƙasar ciki da sanyi-sanyi take, da ɗan danshi, alhali waje ƙura ce ke tashi. Wannan ramin shi ne abin da kake ƙoƙarin gina mata a ɗaki. Masu kiwo sun fi tsayawa a kan laima ta kashi 60 zuwa 70 cikin 100, a ƙara ta kusa da 80 lokacin saɓa. Gefe ɗaya na akwati ya yi ɗumi digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen 25 zuwa 27.

To ga Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, dare kuma ya yi sanyin da sai da bargo biyu. Yuli da Agusta kuwa wanki ma yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba. Shimfiɗar da za ka zaɓa dole ta riƙe danshi da hunturu, kuma kada ta zama jiƙaƙƙen tsumma da damina. Da wannan ma'aunin nake auna su duka.

Kafet yana da abin da ke jan mutum, ban musa ba. Kana da shi a hannu, ba ka kashe ko kwabo. Akwati yana yin kyan gani. Mesa ba za ta haɗiye shi tare da ɓera ba, kuma babu ƙura. Iyakar alherinsa ke nan.

Matsalarsa ta farko kashi ne. Mesa ba ta yi kullum, babba takan yi mako biyu ko fiye, amma ranar da ta yi, tana haɗa baƙin kashi da wani fari mai kama da alli da kuma ruwa mai yawa. Kafet yana shanye ruwan nan har ƙasa. Ka ɗauke na sama ka goge, ido ya ga wuri tas, amma ciki yana nan yana ruɓa a kan ɗumin digiri 30, ita kuma tana jan cikinta a kai dare da rana. Ba gyara sai an fitar da shi gaba ɗaya an wanke, an jiƙa a ruwan bilic, an ɗauraye sosai, an shanya ya bushe ƙarau. Ke nan sai kana da yanki biyu ko uku kana musanyawa, kuma a watan Agusta na Jos, yanki ukun ma duk sukan haɗu a igiya. A shekarata ta farko na mayar mata da wanda bai gama bushewa ba, saboda ba ni da wani. Bayan kamar kwana goma na ɗaga ta na ga fatar cikinta ta yi ja-ja da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa. Farkon ruɓewar fata ke nan. Sai da likitan dabbobi ya duba ta, ta yi makonni a kan takarda, ta yi saɓa biyu, kafin wurin ya koma daidai.

Ta biyu, da hunturu kafet ba ya riƙe danshi ta hanyar da ke da amfani. Ko dai ya bushe ƙamas, ko ka fesa ruwa ya jiƙe sharaf, babu tsakiya. Lafiyayyar mesa tana tuɓe saɓarta guda ɗaya, daga baki har wutsiya, kamar an cire safa. A kan busasshen kafet a watan Janairu saɓar takan fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a ido, wata ta ɗaure ƙarshen wutsiya kamar zobe. Ta wutsiyar in ta taru sau biyu sau uku tana iya tsayar da jini har ƙarshen ya mutu.

Akwai kuma zare. Gefen da ka yanka zai riƙa warwarewa, haƙoran mesa kuwa ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa ciki, in ta kai wa ɓera cafka ta haɗa da zaren, fitar da shi wahala ne. Sannan ka tuna daga falo kafet ɗin nan ya fito. Sau nawa aka fesa maganin sauro a ɗakin? Sau nawa aka yayyafa fiya-fiya a lungu saboda kyankyasai? Abin da ke kashe ƙwaro yana taɓa jijiyoyin maciji, kuma ɗan kaɗan ya ishe shi. Kafet ɗin gwanjo ya fi wannan haɗari, tunda ba ka san gidan da ya baro ba. In kuwa leda kake nufi, irin ta tsakar ɗaki da wasu ke kira kafet, ita ta fi sauƙin gogewa, amma ba ta shan komai, fitsarin zai kwanta ne mesa ta kwanta a cikinsa.

Yanzu ɗora ɓawon kwakwa a gefen kafet. Masu noman tumatir da tattasai a rumfar leda sun sa ana samun sa a Jos wurin masu sayar da kayan noma, a matse kamar bulo. Bulo mai kilo 5 in ya sha ruwa yakan kumbura ya ba da lita 60 ko fiye, wato ya ishe ka canji da yawa. Iri biyu ne: mai laushi kamar garin shayi, da mai gutsattsari kamar yankan rake ƙanana. Mai gutsattsarin ya fi, don mai laushin in ya bushe yana ƙura, yana kuma shiga 'yan ramukan da ke leɓen mesa, waɗanda take jin ɗumin ɓera da su. In mai laushin kawai ka samu, yana yi, sai dai kada ka bar shi ya bushe sarai.

Abin da ya sa nake son sa shi ne yana yin abin da suri ke yi. Ka zuba kauri santimita 5 zuwa 8, ka tsiyaya ruwa a kusurwoyi maimakon fesawa a sama. Ƙasan ya riƙe ruwan yana sakin sa a hankali, saman da cikinta ke taɓawa ya zauna a bushe. Da hunturu ka ƙara ruwa, ka rufe yawancin ragar saman akwatin don kada iska ta kwashe laimar. Da damina ka rage ruwan ko ka daina, ka buɗe ragar. Shimfiɗa ɗaya, kana juya ta yadda shekara ta juya. In ta yi kashi, ka sa cokali ka kwashe wurin da kewayensa har ƙasa, ka cike gurbin da sabo. Duk wata ɗaya zuwa biyu a zubar da duka a wanke akwati. Ba ya saurin yin fumfuna kamar katako, kuma yana danne wari.

Shi ma yana da nasa aibin. Na noma ne, don haka ka tambaya ko an haɗa shi da taki. Wanda aka haɗa, ka bar shi. Wani yakan zo da gishiri a jikinsa, sai ka jiƙa ka tace sau biyu ko uku, ka matse da hannu har ruwa ya daina ɗiga kafin ka zuba. In ka cika masa ruwa ya zama caɓi, ruɓewar fatar cikin da kafet ke kawowa shi ma zai kawo. Gutsure yakan manne a jikin ɓera, shi ya sa nake ajiye faranti ko kwali a wurin da nake ba ta abinci. Kuma da yake launinsa duhu ne, yana ɓoye ƙwari.

Wannan na ƙarshen ne ya kawo mu ga tsohuwar jarida, wadda mutane ke rainawa. A ganina, wata biyu zuwa uku na farko bai kamata sabuwar mesa ta kwanta a kan komai ba sai takarda. Yawancin waɗanda ake samu a ƙasar nan daga daji aka kamo su, sukan zo da kaska, wasu da ƙananan baƙaƙen ƙwari masu kama da ƙuma da ke shan jininsu. A kan farar takarda za ka gan su suna tafiya, za ka ga ko kashinta da tsutsa ko jini ko gudawa, abin da za ka nuna wa likita ke nan. Ta ɓata, ka naɗe ka jefar, ka shimfiɗa wata, minti biyu an gama. Raunin takarda ɗaya ne da na kafet, ba ta riƙe laima. Maganinsa ka samu robar abinci mai murfi, ka huda ƙofa a gefe ka goge bakin don kada ya yanke ta, ka sa ɗanyen ɓawon kwakwa ko jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta da aka matse a ciki. Za ka ga da kanta take shiga in idonta ya fara yin fari-fari alamar saɓa ta kusa. Ko da za a ce in zaɓa tsakanin kafet da jarida har abada, jarida zan ɗauka.

Dusar katako kuwa, na san tana da arha a kasuwar Katako kuma masu kaji da ita suke aiki, amma kaza daban, maciji daban. Buhun da za a ba ka haɗin itatuwa ne da ba ka san su ba, wasu an shafa musu maganin gara, wasu sun sha baƙin mai. Itatuwa masu ƙamshin ƙaro, irin su fayin (pine) da sida (cedar), mansu yana cutar da numfashin maciji. Garin katako mai laushi ya fi muni saboda ƙura, kuma da ya jiƙe sai fumfuna. Yashi ma a bar shi: yana busar da akwati, yana shiga baki da hanci, in ta haɗiye shi da abinci yana iya toshe mata hanji. Ƙasa zalla tana yi in an haɗa ta da ɓawon kwakwa, amma ba ta gona ba, don gonakinmu sun sha taki da maganin ciyawa. Sai wanda ya riga ya ƙware zan ba shawarar ya gwada.

Abu ɗaya da shimfiɗa ke shafa wanda ba ka tambaya ba: ɗumi. A sanyin Jos dole ka nema mata abin ɗumama akwati. In faifan ɗumi ne da ake sawa a ƙarƙashi, kauri na ɓawon kwakwa yana tare zafin, saman ya yi sanyi, gilashin ƙasa kuwa ya yi zafin da zai ƙona ta in ta tona ta kai gare shi, kuma maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona shi. Don haka a rage kaurin a gefen ɗumi, kuma kada a kunna faifan ba tare da na'urar daidaita zafi ba. Daren da aka ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a jingine a jikin akwati tana taimakawa. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima mai batir, ka ajiye shi ƙasa kusa da maɓoyarta, ba can sama ba.

Wajen wanke akwati, ka nisanci Izal da Dettol, sinadarin da ke cikinsu ba ya yi wa macizai kyau. Sabulun wanke kwano da ruwan bilic mai rauni sun isa, a ɗauraye har wari ya tafi. Kai ma ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko shimfiɗarta, don kashin macizai yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma kada a wanke kayanta inda ake wanke kwanukan abinci, balle in akwai ƙananan yara a gidan.

Da ni ne kai, Malam, yau ɗin nan zan shimfiɗa mata jarida ninki uku ko huɗu, in sa maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, da robar danshi, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. In ta ci abinci sau uku ko huɗu lafiya, ta yi saɓa ɗaya cikakkiya, ban ga ƙwaro ba, sai in koma ɓawon kwakwa. Kafet ɗin kuma ka yanka shi ka lulluɓe bayan akwatin da gefunansa ta waje. Zai tare mata sanyin Disamba, ya kuma rage mata ganin giftawar mutane.