Hattara da masu tallar "cikakken saiti" na kibod da feda a intanet

'Yan'uwa masu situdiyo da masu shirin buɗewa, akwai wata cuta da ta yawaita a shafukan saye da sayarwa da kafafen sada zumunta, kuma ta fi cin waɗanda ke sayen kayansu na farko. Tallar kusan iri ɗaya ce: kibod ɗin MIDI, wato mai maɓallan fiyano da ke aika saƙon abin da aka danna zuwa kwamfuta, da fedar sarrafa ƙarfin sauti wadda ake rubuta wa Expression ko EXP, da manhajojin kiɗa kyauta, duka a haɗe, a farashin da ko kibod ɗin kaɗai bai kamata ya sauko can ba.

Masu yin wannan kashi biyu ne. Na farko ba shi da kayan kwata-kwata. Hotunan ya kwaso su daga tallar wani, zai ce akwai mutum biyu da ke jira, ya matsa maka ka tura kuɗi a wajen shafin da ka ga tallar, ko ta hanyar da ba ta kare mai saye, irin zaɓin tura wa dangi da abokai na PayPal. Wannan gane shi ba wuya. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ɗora kan maɓallan ya ɗauki hoto, ya kuma ɗauko lambar siriyal da ke ƙasan kibod ɗin. Daga nan ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Na biyun ne ya fi damunmu, domin shi yana aiko kaya. Kwali ya iso, ka jona, fitila ta kama, ka danna maɓalli ka ji sauti, ka tabbatar wa shafin cewa kaya sun zo lafiya. Sai ranar da ka zauna haɗa sautin goge ko ogan, kana son ƙafarka ta riƙa ɗaga sautin tana sauke shi a hankali, sannan ka gane abin da aka yi maka. A lokacin wa'adin mayar da kaya ya wuce.

A feda ake yin mafi yawan ha'incin, don masu saye da yawa ba su san fedoji iri uku ne masu kama da juna a hoto ba. Fedar riƙe sauti, wadda ake rubuta wa Sustain, makunni ce kawai: ko a kunne ko a kashe, tana aika saƙon CC64 (CC saƙonnin sarrafawa ne na MIDI, kowanne da lambarsa), kuma da ka ɗaga ƙafa sai ta dawo da kanta. Fedar Expression kuwa akwai fotenshiyomita a cikinta, irin abin da ke bayan maɓallin murɗa sauti, tana ba da lamba daga 0 zuwa 127 a jere, yawanci a kan CC11, kuma inda ka bar ta nan take tsayawa. Dubi fulogin. Na Sustain na gama-gari layi baƙi ɗaya gare shi, na Expression layi biyu, wato jak mai milimita 6.35 da ya kasu uku: kai, zobe da jiki. Amma layi biyu kaɗai ba hujja ba ce, domin fedojin fiyano irin Roland DP-10 da Yamaha FC3A su ma layi biyu gare su, kuma masu dawowa ne. Don haka a bidiyo ka sa mai sayarwa ya taka fedar rabi ya ɗauke ƙafarsa. Idan ta dawo sama, ba ita ba ce.

Ta ukun ita ce fedar rage sautin jita. Siffarta sak ta Expression, tana tsayawa inda aka bar ta, shi ya sa macuta suke son ta. Bambancin yana gabanta: ramin shiga da ramin fita take da su, don sautin jita ne ke ratsa ta. Fotenshiyomitanta kan kai 250k ko 500k a ma'aunin juriyar lantarki, kuma an ƙera shi ya bi yadda kunne ke jin sauti, ba ya hawa daidai da daidai. Yawancin kibod suna son mai hawa daidai, sau da yawa 10k. Ko ka samu wayar da za ta jona ta, za ka taka fiye da rabi lamba na jan ƙafa, sannan ta yi tsalle zuwa 127 a ɗan abin da ya rage. Akwai na kirki masu yin aiki biyun, kamar Boss FV-500, amma su suna da rami na daban da aka rubuta wa EXP. Babu wannan ramin, babu ciniki.

Ko fedar ta gaskiya ce, akwai sauran magana, kuma a nan ne kalmar "tana aiki da kowane kibod" ke zama ƙarya. Kamfanoni ba su haɗu a kan tsarin waya ɗaya ba. A tsarin Roland EV-5, wayar da ke ɗauke da lambar tana kan kan fulogi. A tsarin Yamaha FC7 tana kan zobe. Idan ka haɗa feda da kibod masu tsari daban, ba juyewa kawai take yi ba yadda za ka gyara a manhaja. Lambar na iya maƙalewa, ko ta yi yawo a ɗan tsakani, ko ta yi tsalle. Fedoji irin M-Audio EX-P da Moog EP-3 suna da ɗan makunni na sauya wannan tsari, kuma a ganinmu duk wanda bai tabbatar da tsarin kibod ɗinsa ba, mai makunnin ya kamata ya nema. Mai maltimita, wato na'urar auna lantarki, zai iya tantancewa cikin minti biyu: ka auna tsakanin zobe da jiki kana taka fedar. Idan lambar ba ta motsa ba, amma tsakanin kai da jiki tana hawa tana sauka, tsarin Roland ne. Idan tsakanin kai da jiki ne ba ya motsi, tsarin Yamaha ne.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne a haɗa maka fedar kirki da kibod ɗin da ba shi da inda za a soka ta. Ƙananan kibod da yawa, har da sanannu irin Akai MPK Mini, ramin Sustain kaɗai suke da shi. Wannan ba laifin kamfanin ba ne, an faɗa a takardar bayaninsu. Laifin na wanda ya haɗa saitin ne yana sane. Ka nemi hoton bayan kibod ɗin daga kusa, ka karanta rubutun da ke kan kowane rami da idonka, sannan ka sauke littafin umarni daga shafin kamfanin ka gwada. Ba a cinikin biri a sama.

Maɓallan ma ana yin wasa da su. A ɗauki hoton ƙananan maɓallai ba tare da wani abu a gefe ba, su yi kama da manya. Fararen maɓallai bakwai na cikakken girma kusan santimita 16 da rabi suke, sai ka sa a ɗora ma'auni a kai. Haka kuma maɓalli 88 ba ya nufin nauyin fiyano. Akwai masu 88 da sifirin kawai ke dawo da su. Masu guduma na ainihi, wato waɗanda ke da nauyin dannawa irin na fiyano, yawanci sun haura kilo 10, don haka nauyin da aka rubuta a takardar aiko kaya zai tona asiri. Wanda zai yi aiki da feda dai hannuwansa biyu na kan maɓallai, saboda haka 49 ko 61 ya fi dacewa da shi fiye da 25. Kuma a tuna kibod ɗin MIDI zalla ba shi da sauti a cikinsa. Bidiyon da kake jin fiyano na tashi, kwamfuta ce aka ɓoye a gefe.

Manhajojin kyauta kuwa, irin Ableton Live Lite da sauran sautuka, suna tafiya ne da rajistar lambar siriyal a asusun mai kaya. Idan tsohon kibod ne kuma mai shi na farko ya riga ya karɓe su, to sun tafi tare da shi, sai dai idan ya cire rajistar ko ya miƙa lasisin ta hanyar da kamfanin ya yarda. Wanda ya ce zai ba ka su a filasha, na sata yake nufi.

Gwajin da ke raba gardama ɗaya ne, kuma kyauta ne. A jona kibod da kwamfuta a buɗe manhajar duba saƙonnin MIDI, MIDI-OX a Windows ko MIDI Monitor a Mac, a gabanka ko a kiran bidiyo kai tsaye. A bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, a danna a hankali sannan da ƙarfi. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai tabon kabon biyu, kuma tazarar lokaci tsakanin taɓawarsu ce ke ba da ƙarfin dannawa. Idan ƙura ta shiga ko ɗaya ya cinye, maɓallin zai riƙa ba da 127 komai laushin hannunka, ko ya yi shiru. Bayan haka a ɗauke hannu na minti ɗaya. Saƙon da ya fito ba wanda ya taɓa komai yana nufin wani maɓallin murɗawa ko na ja ya lalace, kuma zai riƙa rubuta shara cikin aikinka. A ɗan girgiza wayar USB a bakin raminta a ga ko kibod ɗin zai ɗauke. Daga ƙarshe a taka feda daga dunduniya zuwa yatsu a hankali: lamba ta tashi daga 0 ta kai 127 ba tsalle, ta kuma dawo 0.

Wanda kaya suka riga suka iso masa, ya ɗauki bidiyon buɗe kwalin, ya yi wannan gwajin a ranar, kada ya kwance ko noti ɗaya na jikin kayan, ya shigar da ƙorafi a shafin kafin wa'adi ya cika. Idan wa'adin ya wuce, matsalar tsarin waya mai gyara zai warware ta da musanya wayar kai da ta zobe. Kibod ɗin da ba shi da ramin EXP kuma, akwai ƙaramar na'ura da ake soka feda a jikinta ta aika MIDI zuwa kwamfuta ta USB kai tsaye, sai ka saita ta a kan CC11.