Bugu na biyar ko tsohon yayi: wanne za ka ɗora a tebur?

Malam, tunda tsakanin Dungeons & Dragons bugu na biyar da Old-School Essentials kake wasiwasi, ɗauki na biyun, wato tsohon yayi. Wasanni ne na tebur: kowane mai wasa na jan jarumi ɗaya da aka rubuta bayanansa a takarda, jagoran wasa kuma yana ba da labarin yana yanke hukunci. Duka biyun suna nan a kantata. Ɗaya bangonsa har ya yi laushi don shan hannu, ɗayan kuwa sai an kaɗe masa ƙura kafin a buɗe.

Inda suka rabu shi ne: in an iso bakin ƙofar da ake zargin an ɗana mata tarko, wa ake tambaya, kai ko takardar jaruminka? A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, takarda ake tambaya. Tana ɗauke da fannonin ƙwarewa 18, daga lura da bincike har rarrashi da yaudara. Ka jefa dayis mai fuska 20, ka haɗa da lambar da ke takardarka, in jimla ta kai abin da jagoran wasa ya yanka, 15 misali, ka ga tarkon. Akwai ma lurar da ba a jefa mata komai: a ɗauki 10 a haɗa da lambarka, jagora ya duba ya ce maka ga rami nan, kai kuwa lokacin kana danna waya.

Old-School Essentials ba sabon abu ba ne. Gavin Norman ne ya sake tsara dokokin wasan D&D na 1981 na Tom Moldvay da David Cook, ya fitar a 2019, kuma ainihin waɗannan dokoki littattafai biyu ne sirara, kowanne shafi 64. A nan takarda ba ta da abin ba ka. Jarumin da ke ɓarawo a matakin farko damarsa ta buɗe kwaɗo 15 ce cikin 100, ta kwance tarkon akwati 10 cikin 100. Matsafi da tsafi ɗaya tak yake farawa, makin ransa kuma, wato yawan raunin da zai iya jurewa, da dayis mai fuska 4 ake jefawa, don haka kibiya guda na iya gamawa da shi. Wanda ya ce zai dogara da waɗannan lambobi, to ya tanadi takardu da yawa. Shi ya sa za ka ga masu wannan wasa suna saya wa jarumansu sanda mai tsawon ƙafa 10 suna dungurar ƙasa, suna tambayar ina ƙura ta kwanta ina kuma aka share, me ya sa wancan dutsen bango ya fi sauran sulɓi. Dokar ma can take tura ka, domin kowace zinariya ɗaya da ka fito da ita maki ɗaya ce na ci gaba, abin da kashe dodo ke bayarwa kuma kaɗan ne. Wanda ya kwaso dukiya ba tare da ya zare takobi ba shi ya ci riba.

Ƙanwar wani abokina ta taɓa zama da mu, ranar ta fara ganin dayis ɗin da ba na ludo ba. Matsafiya ta samu, makin rai biyu. Suka iso gada, wani ƙaton dodo ya tare hanya. Mazan suka hau lissafin wa zai fara sara. Ita kuwa ta riƙe wata magana da na yi a wuce, cewa akwai tukunya a kan murhu gefensa amma ba tururi. Ta ce, "Yallaɓai, me aka dafa yau?" Na amsa da muryar dodo cewa kwana biyu ba a ɗora komai ba. Sai ta shiga ciniki da shi kan alfadarin da ke ɗauke musu kaya, kamar wadda ta je sayen atamfa ranar kasuwa: ta yaba kitsen dabbar, ta ce albarka, ta juya za ta tafi, ya kira ta. A ƙarshe ya karɓi alfadari, ya buɗe hanya, ya kuma faɗa musu wace ƙofa ce a ƙasa ba a taɓawa. Na jefa dayis biyu masu fuska 6 na yadda dodo ya ji maganar, kamar yadda doka ta ce, na ƙara mata maki don ta cancanta. Babu layi ko ɗaya a takardarta da ya ce ta iya ciniki. Da a bugu na biyar ne, a yawancin teburan da na zauna, wani zai ce "bari in jefa rarrashi", 17 ta fito, a wuce, babu mai tuna tukunyar.

Wannan gardama ta girme mu. D&D na farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 babu ɓarawo a cikinsa sam, kowa laluben tarko yake da bakinsa. A ƙarin littafin dokoki mai suna Greyhawk na 1975 aka shigo da shi da lambobinsa. Bugu na uku a 2000 ya sa har ƙarya da sulhu da karantar fuskar mutum suka zama lambobi a takarda, a 2008 kuma Matt Finch ya rubuta ɗan littafin da ya zama tutar masu cewa a koma ga basirar mai wasa.

Bugu na biyar ba zan hana shi haƙƙinsa ba: zanensa na da kyau, kuma mai kunya wanda baki ke masa nauyi zai iya jan jarumi mai zaƙin harshe, dayis ya yi masa magana. Jarumi ma ba ya mutuwa da wuri, sai ya faɗi jifa uku bayan ya zube. Iyakar yabona ke nan, ga littattafai uku da kowanne ya fito kan dala 49.95 a 2014.

Tsohon yayin ma yana da cutarsa, kuma a jikin jagora take. In ka ɓoye bayani kana jira su karanta abin da ke ranka, ba basira kake gwadawa ba, duba kake sa su yi. Kowane tarko ka ba shi alama: ƙashi a gefe, tabon ƙuna a bango, wari. In mutum ya kawo dabara mai ma'ana, bar ta ta yi aiki ko da ba ita ka shirya ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Jabun littattafan nan sun yi yawa. Za ka gane su da dusashen launi, rubutu mai inuwa, da gam ɗin da ke sakin shafuka tun makon farko. Wasu kuma na 2014 suke tallatawa da sunan sabon gyaran 2024. Littafin mai wasa (Player's Handbook) na 2014 shafi 320 ne da ƙaton wuta a bango, na 2024 shafi 384 da dodo mai fukafukai ruwan zinariya. Na taɓa ganin mai karɓar kuɗi kan fayil ɗin dokokin farko, alhali kamfanonin biyu kyauta suka sake su. Kada ka tura ko sisi sai an ɗauko maka bidiyon littafin ana buɗe shi.

Sauke dokokin farko na Old-School Essentials, kai shagon kwamfuta a buga maka, ka gwada da mutanenka kafin ka sayi babban kundin. Dayis kuwa saiti guda mai ƙwaya bakwai ya ishi tebur duka, amma ka ƙirga su a gaban mai kaya, don mai fuska 20 ce aka fi zarewa.